Mai Nema wa Baƙi Likkafani

Ummul Khairi ba ta taɓa cewa za ta yi wankan gawa ba. Ruwa aka aike ta ta kai. Tana amarya a lokacin, ba a daɗe da tashin tsohon Zongo daga tsakiyar Lome an mai da shi bayan gari ba, kowa na ta faman kafa ɗaki a fadama. Wata baƙuwa 'yar Maraɗi mai sayar da kanwa ta rasu a ɗakin haya na maƙwabtansu, ba dangi ba masani. Hajiya Mariama, mai wankan mata a unguwar, ta leƙo ta ga yarinya tsaye da bokiti a ka, sai ta ce, "Ajiye, ki shigo ki tallafe mini kanta." Ta shiga ta tallafe. Da ta koma gida ta kasa cin tuwo, ta gaya wa mijinta, Malam Abdulkuddus, mai makarantar allo wanda kakansa ya zo daga Katsina. Ya ce, "Nauyi ne a kan al'umma duka. Yau kin ɗauke mana shi. In an sake kira, ki je."

Aka kuwa sake kira. Lome gari ne na bakin teku, mahaɗar hanyoyi. Mata na zuwa daga Nijar, daga Kumasi, daga Sokode, daga Kano, wasu fatauci, wasu aikatau, wasu wucewa kawai za su yi ajali ya tare su. Wadda ke da 'yan uwa, 'yan uwanta su suturta ta. Wadda ba ta da kowa kuwa, ita ce rabon Hajiya Mariama da 'yan matan da ta tara. A hankali mutane suka sa musu suna Matan Sutura, sunan ya bi su.

Shekara da shekaru ba su san wahalar kaya ba. Akwai wani attajiri, Alhaji Abdulwahidu, dillalin motoci a tashar jiragen ruwa, shi ya ɗauke musu komai. Bandir ɗin alawayyo, wato farin yadin likkafani, ba ya yankewa a ɗakin Hajiya Mariama. Sabulu, kafur, turare, motar ɗauko gawa daga asibiti, kuɗin masu haƙa, duk daga aljihunsa suke fita, kuma bai yarda a ambaci sunansa ba. Saboda haka ba wanda ya taɓa tambayar inda kayan ke fitowa. Su kansu matan sun ɗauka haka duniya take.

Hajiya Mariama ce ta fara rasuwa, Ummul Khairi ta yi mata wanka da hannunta, aka kwaso kayan aiki aka dawo da su ɗakinta. Bayan wasu shekaru Malam Abdulkuddus ya bi, makarantar allon ta watse. Ɗansu guda, Salim, ya riga ya tafi Librebil, can wata ƙasa, neman arziki. Sai gidan ya zama daga ita sai wani tsohon kabad mai ƙamshin kafur. Sannan Alhaji Abdulwahidu ya kwanta jinya, bai tashi ba.

Ta bari aka yi sadakar arba'in kafin ta je gidansa. Babban ɗansa ya karɓe ta da mutunci, ya sa aka kawo mata ruwan sanyi. Da ta faɗi abin da ke tafe da ita, ya yi mamaki ƙwarai, don bai taɓa sanin mahaifinsu na yin wannan ba.

"Mma, Allah ya saka muku," in ji shi. "Amma ki yi haƙuri a gama rabon gado tukuna. Yanzu dukiyar ba ta mutum ɗaya ba ce."

Gaskiya ya faɗa, ita ma ta sani. Da aka gama rabon, magada suka watsu, wani Kwatano, wani Akara, kasuwancin ya karye gida-gida. Ta koma sau ɗaya, mai gadi ya ce an sayar da gidan.

Alawayyon da ya rage ya yi ta raguwa. Matan ƙungiya su ma suka yi ta raguwa, wata ciwon ƙafa ya hana ta, wata 'ya'yanta suka ɗauke ta suka kai ta unguwar Totsi mai nisa, wata mijinta ya ce ya isa haka. Ran nan da hantsi aka aiko daga asibiti, wata yarinya mai aikatau ta rasu, iyayen gidanta sun kawo ta sun tafi, sunanta kawai aka sani, Shamsiya. Ummul Khairi ta buɗe kabad, abin da ke ciki ko ɗankwali bai kai ba. Ta tsaya tana kallon katakon kabad ɗin. Can ta durƙusa ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado, ta ciro farin yadin da marigayi mijinta ya kawo mata daga Makka, wanda aka tsoma a ruwan zamzam, ta ajiye wa kanta. Da shi aka rufe Shamsiya. Mata ba sa raka gawa maƙabarta a Zongo, don haka a bakin ƙofa ta tsaya har makarar ta sha kwana, kamar yadda ta saba. A duk waɗanda ta wanke, ba ta san kabarin ko ɗaya ba.

Wadda ta fara lura da halin da take ciki ita ce Ramla, 'yar maƙwabciyarta, wadda ta yi karatun Faransanci tana aiki a ofishin masu fito da kaya daga tashar jirgi. Ta zauna a bakin tabarma ta saurari labarin duka.

"Mma, akwai ƙungiyoyin waje da ke ba da tallafi," in ji Ramla. "Amma sai an yi muku rajista, an haɗa dosiye, wato takardun neman tallafi. Ki bar mini wannan."

Ba ta yi wasa ba. Ta yi ta zirga-zirga har Matan Sutura suka sami takardar hukuma, abin da ya sa daga baya ma'aikatan ɗakin ajiye gawa suka daina yi wa Ummul Khairi tambayar ke wace ce. Sannan ta kai ta wani ofishi mai sanyi a cikin gari. Matar da ke wurin ta saurare su da kyau, har idonta ya kawo ruwa. Ta yi magana da Faransanci, Ramla na fassarawa.

"Ta ce aikinku abin girmamawa ne. Ta ce amma kuɗin da ake ba su na masu rai ne, yara, masu ciki, ruwan sha. Ba su da gurbin da za su sa mamaci."

Ummul Khairi ta gyaɗa kai. Ba ta ga laifin matar ba. A hanyar dawowa, cikin tasi, Ramla ta yi ta ba ta haƙuri kamar ita ta yi laifin. Ba a jima ba aka ɗaura wa Ramla aure, mijin ya tafi da ita Kara, can arewa. Ranar tafiya ta rungume ta ta ce, "Mma, na nesa sun ce a'a. Ki gwada na kusa." Aka ja mota, lungun ya ƙara yin shiru.

Ta fara da limamin unguwa, Malam Nu'uman, abokin karatun mijinta. Ta tambaye shi ko za a riƙa tsakura musu daga zakkar da attajirai ke kawowa masallaci.

"Hajiya, da da hali da na yi," in ji shi. "Amma zakka tana da mutanenta, Allah ya lissafa su, likkafani ba ya ciki. Sadaka za ki nema. Zan faɗa ran Juma'a."

Ya faɗa kuwa. Sai dai a ranar an yi sanarwar rufin masallaci da ke yoyo, da ta islamiyyar mata, da ta marayu, da ta rijiyar burtsatse. Kowace da masu tsaya mata, matasa masu lasifika da hotuna a waya. Abin da ya iso hannunta bai wuce na sutura ɗaya ba. Nan ta fahimci wani abu da ba ta taɓa tunaninsa ba: mutum ya fi sakin hannu inda zai wuce gobe ya ga abin da ya bayar a tsaye. Rijiya ana shan ruwanta, masallaci ana shigarsa. Likkafani kuwa ranar da aka bayar ranar ƙasa ke rufe shi.

Sai ta ɗauki mayafinta ta shiga bin shaguna. Da farko ta yi kuskure, da safe take fita, kuma wajen manya take nufa. Wani mai shagon shinkafa ya hango ta tun daga nesa ya ɓata fuska.

"Haba Hajiya, ko cinikin fari ban yi ba. Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Alhaji."

"To ki dawo an jima, don Allah."

Ya miƙo mata 'yan canji ta hannun yaron shago, bai ce ta zauna ba. Ta fito kunya kamar ƙasa ta tsage. Ta daɗe da sanin mutane na ɗan ja da baya da ita. A gidan biki akan zuba mata nata daban, a gidan suna ba a cika miƙa mata jariri ba. Amma da can tana da Hajiya Mariama da za su yi dariyar abin tare, tana da miji da za ta koma ta tarar. Yanzu sai ta dawo ta zauna a kan kujera 'yar tsuguno ta yi ta juya maganar ita kaɗai.

Labari ya kai Librebil. Salim ya kira, ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Mma, me nake ji? An ce kina bin shaguna kina roƙo. Ni ban mutu ba fa."

"Ba wa kaina nake roƙa ba, Salim."

"Mutane ba su san wannan ba. Cewa suke ɗanta ya yar da ita. Ki bar aikin nan, kin tsufa. Wata ta karɓa."

"Wace ce watan?"

Ya yi sallama ya kashe wayar. Bai daina aiko mata da na cefane ba, ba a raba shi da wannan, amma kiran ya yi nisa da juna, in ma ya kira, lafiya lau lafiya lau ne, sai a kashe.

Ba ta bari ba, sai dai ta sake dabara. Ta daina fita sai bayan azahar, lokacin da ciniki ya lafa. Ta daina zuwa wajen masu manyan riguna, ta kuma daina ambaton kuɗi. Kowa abin da ke gabansa take roƙa. Ta ce wa mai sabulu ya riƙa ajiye mata gutsattsarin da ba sa sayuwa. Mai turare a bakin masallaci ya yarda da 'yar kwalba duk wata. Mai sayar da ruwa a kura ya ce duk ranar da aka yi rasuwar baƙuwa, jarkokin farko nata ne. Wani kafinta a unguwar Hanukope ya gyara tsohuwar makarar da ta karye ƙafa, bai karɓi ko sisi ba, ya ce dai kada a kawo ta shagonsa da rana tsaka, shi zai zo. Wani direba Bakotokole, mutumin Sokode, mai suna Alassani, mai tsohuwar motar ɗaukar buhuna, ya ce, "Mma, ni ba ni da abin bayarwa sai taya huɗu. In an kira ki, kira ni." Samarin unguwa da ke haƙa kabari suka ce na baƙi ba za su ƙara karɓar lada ba, a dai ba su koko.

Ba wanda ya ji nauyin abin da ya ɗauka, shi ya sa ba wanda ya gudu. In ɗaya ya gaza wannan watan, na kusa da shi ya toshe. Abin da ya gagara shi ne yadin kansa, don shi ne mai tsada, kuma 'yan yadin Zongo duk sun riga sun yi alkawari da wasu ƙungiyoyi.

Wata Laraba ta hau zemijan, ɗan babur ɗin haya, har Asigame, babbar kasuwar Lome. Ta bi layin masu atamfa tana taɓa fararen yadi tana tambayar farashi da yaren Mina, wanda ta iya tun tana yarinya a tsohon Zongo. A wata rumfa ta tarar da wata dattijuwa mai jiki, da sarƙar gicciye a wuya, ana ce mata Da Ablavi. Matar ta lura baƙuwar ta daɗe tana murza yadi ɗaya ba ta saya ba.

"'Yar uwa, biki za a yi ko me?"

Ummul Khairi ta so ta ce eh ta wuce. Sai dai gajiya ta sa ta faɗi gaskiya, ta ce na rufe matattu ne, matan da suka mutu a garin nan ba su da kowa. Ta jira a ja baya kamar yadda aka saba. Da Ablavi ta ture tarin atamfa daga kan benci ta ce, "Zauna."

Ta zauna. Matar ta ce tana da 'ya da ta tafi aikatau wata ƙasar Larabawa, ta rasu a can. Ba a dawo da gawar ba. Abin da aka gaya mata kawai shi ne wasu mata da ba su san ta ba sun wanke ta sun rufe ta.

"Kullum ina tambayar kaina, da wane irin hannu suka taɓa ta? Sun yi a hankali? Sun rufe mata jiki?" Ta kama hannun Ummul Khairi ta juya shi tana dubawa. "Yaya kuke yi? Gaya mini duka."

Ta gaya mata. Yadda ake sirka ruwa kada ya yi sanyi kada ya yi zafi, yadda ake lulluɓe jiki da zane ba a kallon tsiraici, yadda ake farawa da dama, yadda ake tsefe kai a wanke a yi kitso uku a kwantar a baya. Da Ablavi na ji tana share hawaye da bakin zanenta. A shekarun da Ummul Khairi ta yi tana wannan aiki, ba wanda ya taɓa tambayarta yadda ake yi. Da ta tashi tafiya, ɗan dako ne ya bi ta da bandir guda a ka.

Ta tsaya wajen Malam Nu'uman kafin ta taɓa yadin, ta tambaye shi ko ya halatta, tunda mai bayarwar Kirista ce. Ya ce, "Yadi mai tsarki ne, an bayar da zuciya ɗaya. Yanka ki yi aiki, Hajiya." Tun daga ranar, duk sanda bandir ya kusa ƙarewa, sai wani ya iso daga Asigame. Daga baya ma Da Ablavi ta ja wasu 'yan layinsu biyu suka shiga.

Haka Matan Sutura suka tsaya da ƙafafunsu, ba da attajiri ɗaya ba, da hannuwa barkatai waɗanda yawancinsu ba su san juna ba. Wasu ƙungiyoyin unguwa har suka fara aiko mata a tambaye ta yadda ta yi. Takan ce, "Ku dubi abin da ke hannun maƙwabcinku, ku roƙi kaɗan daga ciki." Kaya dai sun samu. Abin da bai samu ba shi ne mata. Sunan ƙungiya na jam'i ne, amma sau da yawa ita kaɗai ce a ɗakin wanka, sai ta roƙi wata ma'aikaciyar asibiti ko matar da ke wucewa ta zuba mata ruwa. 'Yan mata na gaishe ta da ladabi, in ta ce su zo su koya, sai su yi murmushi su ce sai an kwana biyu.

Babbar Sallar da ta wuce, bayan an sauko daga idi, nama ya fara shigowa gidanta. Mai sabulu ya aiko, mai turare ya aiko, Alassani ya tsaya da mota a bakin lungu ya miƙo cinya guda ya ce yana sauri. Har mai shinkafar nan ya aiko da ƙulli. Kowa daga bakin ƙofa yake sallama, ya ajiye, ya ce a sa shi a addu'a, ya juya. Kafin azahar babban daro ya cika. Ta zauna a tsakar gida tana kallonsa, daga maƙwabta ana jiyo hayaniyar jikoki da ƙarar faranti. Ta ɗauki waya ta kira Salim, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba.

Ta hura gawayi ta soya naman duka, ta zuba yaji. Ta raba wa gidajen haya na lungun, inda baƙi suke. Sauran ta zuba a kwanon sha mai murfi ta ɗaure da ɗankwali, ta sa sabon mayafinta, ta tare zemijan ta ce Be-Kpota. Ba ta taɓa zuwa gidan Da Ablavi ba, kwatance kawai take da shi, bayan wani gidan burodi. Sai da ta yi tambaya wuri uku.

Ta same ta zaune a ƙofar gida ita kaɗai, ƙafafu a kumbure a kan ɗan akwati, rediyo na magana a gefe. Da Ablavi ta ɗaga kai ta yi kallon mamaki, sannan ta fashe da dariya.

"Yau ba yadi kika zo nema ba?"

"Yau Salla ce. Nama na kawo miki."

Aka aika aka sayo ablo mai zafi, wainar masara ta mutanen bakin teku. Suka sa kwanon a tsakaninsu a kan benci suna ci, yajin na sa Da Ablavi tari tana ƙara kai hannu. Ba su yi wata doguwar hira ba. Da Ablavi ta tambayi lafiyar Salim, Ummul Khairi ta ce yana lafiya. Ita ma ta tambayi ƙafa, aka ce sai godiya. Da la'asar ta yi, Da Ablavi ta sa aka shimfiɗa mata sabon zane a ɗaki ta yi salla.

Da rana ta yi sanyi, Ummul Khairi ta ce za ta koma, hanya da nisa, ga cunkoson Salla. Da Ablavi ta rako ta da ɗingishi har bakin titi, ta tsaya sai da ta ga ta hau babur.

"Ki riƙe shi da kyau," in ji ta. "Yaran nan ba sa ganin rami."

Ana kiran magariba ta iso Zongo. Ta buɗe ƙofa, ta kunna fitila, ta wanke kwanon ta kife.